Labarin Farin Dutse Sarkin Gaya da Yadda A Ke Nazarin Gajeren Labari

Abin da ya jawo rubuta wannan takarda shi ne wani ƙunshin takardun insha'i da wani malami, tsohon ɗalibinmu, ya kawo mini. Yana koyar da Hausa a wata makarantar sakandare da ke tsakanin Gaya da Ajingi, a gabashin Kano. Ya ba 'yan ajinsa ɗaya daga cikin labarun Magana Jari Ce, ya ce kowa ya yi masa nazari a rubuce. Da ya gama gyarawa sai ya ji ransa bai kwanta ba, amma ya rasa inda laifin ya ke, saboda haka ya ce in duba masa. Na kwana biyu ina dubawa, na kuwa tarar yaran ba su da laifin da malami zai ja wa jan layi. Hannunsu mai kyau ne, sun kiyaye ƙa'idojin rubutu gwargwado, ba kuma wanda ya faɗi ƙarya game da labarin. Sai dai kowace takarda ta yi kama da 'yar'uwarta kamar an tsaga kara. A bisa an rubuta Jigo, a ƙarƙashinsa an ce faɗakarwa ne ko nasiha. Sai Zubi da Tsari, inda aka ce marubucin ya jera labarinsa daki-daki tun daga farko har ƙarshe. Sai Salo, aka ce mai sauƙi ne, mai armashi, da karin magana a ciki. Daga ƙarshe Taurari, aka jera sunaye kamar na masu biyan haraji. Da mutum zai kankare sunan labarin daga kan takardar ya rubuta sunan wani labari dabam, da ba kalma ɗaya da zai bukaci sakewa.

Kada mai karatu ya zaci ina ƙyamar waɗannan kalmomi ne. Kafin malamai irin su Dalhatu Muhammad a Zariya da Abdulƙadir Ɗangambo a Kano su sha wahalar tsayar da su a shekarun 1970 da na 1980, wanda ya so ya yi magana a kan adabin Hausa da Hausa sai ya yi ta kewaye-kewaye, ko kuwa ya ari bakin Bature. Jigo da zubi da salo da tauraro kayan aiki ne masu kyau, kamar yadda masaba da awartaki su ke ga maƙeri. Amma maƙerin da ya fito da kayansa ya jera a bakin rumfa, ya ƙirga ya ga sun cika, ya tashi ya koma gida, ba wanda zai ce ya yi ƙira ran nan. Abin da yaran nan suka yi ke nan, kuma mu muka koya musu.

Sai na ga ya kamata in nemo wani labari wanda ba zai yarda ya shiga waɗannan gurabu huɗu da sauƙi ba, ya zama gajere ƙwarai, ya kuma zama na ƙasarsu. Ba yaron Gaya da bai ji labarin nan na baka ba wanda ya ce maƙeran Gaya ne suka fara zuwa gindin Dala neman tama, su ne a ke kiran zuriyarsu Abagayawa. Amma akwai wani labarin Gaya da ba a cika faɗinsa ba, yana cikin littafin nan na tarihin sarakunan Kano wanda aka rubuta da Larabci, wanda ya fara daga zamanin Barbushe ya tsaya a kan Sarki Muhammadu Bello da ya rasu a 1893. H. R. Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908, aka kuma sa fassararsa ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda ofishin fassara na Zariya ya fitar a farkon shekarun 1930 a hannun R. M. East. Zan ba da labarin da bakina.

A zamanin Sarkin Kano Dadi ɗan Bawa, wanda bisa lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1670 zuwa 1703, Kwararafa suka kawo yaƙi har suka shiga cikin birni suka yi ɓarna. A cikin wannan sashe na Dadi ne marubucin ya ce Sarkin Gaya ya yi tawaye. Ya faɗi sunansa, Farin Dutse, ya kuma ƙara da cewa shi ne mahaifin Maryama. Shekara uku bai kai wa Sarkin Kano haraji ba. Sarki ya yi masa dabara har ya zo gabansa, ya kashe shi. Marubucin ya kawo ruwaya biyu game da yadda aka yi kisan, ɗaya daga cikinsu ta ce da aska ne. Iyakar labarin ke nan, bai fi layi huɗu ko biyar ba, sai ya wuce zuwa waɗansu al'amura.

Wanda ya rufe littafin a nan zai ce ya ji labarin wani hakimi da ya ɗaga kai aka sare shi, irinsa kuwa ba ya ƙirguwa a tarihin kowace ƙasa. Sai in ya juya zuwa sashen sarki na gaba, Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi daga 1703 zuwa 1731, sa'an nan zai tarar an ce sunan mahaifiyarsa Maryama, mutuniyar Gaya ce, kuma a zamaninsa mutanen Gaya suka sami faɗa a ji ƙwarai a Kano. Can gaba kuma an ce a wannan zamani ne aka yi wa Gaya ganuwa, Jan Hazo yana Sarkin Gaya.

To, a nan ne mai karatu ya kan dakata ya koma baya. Idan Maryamar nan ita ce waccan, ashe surukinsa Dadi ya kira ya kashe. Ashe kuma wanda ya gaji gadon Dadi jikan wanda aka kashe ne, garin da aka kashe sarkinsa saboda haraji kuwa shi ne ya zo ya cika fada. Marubucin bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ajiye suna ɗaya a wuri biyu, ya bar mai karatu ya haɗa da kansa.

Bari mu gwada kayan aikinmu a kan wannan. Yaron da aka ce ya faɗi zubi da tsari zai ce an jera labarin daki-daki, ba kuwa ƙarya zai yi ba, tun da littafin sarki bayan sarki ya ke bi. Amma ya tsallake abin da ya fi kome muhimmanci, watau an raba labarin biyu, an sa rabi a ƙarƙashin uba, rabi a ƙarƙashin ɗa, kuma rabin farko ba ya bayyana hakikaninsa sai an kai na biyu. Tambayar da zubi ya ke son a yi masa ita ce, don me aka sa wannan abu a nan, kuma me zai ɓace in an ɗauke shi? A ɗauke maganar nan ta cewa Farin Dutse mahaifin Maryama ne, a gani. Sashen Dadi bai rasa kome ba ga wanda ke neman sanin wa ya yi tawaye, wa ya kashe shi. Sashen Sharefa ma yana nan yadda ya ke. Amma labarin ya mutu, sauran labarai biyu da ba abin da ya haɗa su.

Wani zai ce ai al'adar littafin ce ya ambaci uwar kowane sarki, saboda haka ambaton Maryama a sashen Sharefa ba wani abu ba ne. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata mai nazari ya san da shi kafin ya buɗe baki. Sai dai hujjar tana wancan gefen. Abin da ba a saba ba shi ne a gabatar da namiji, basarake, ɗan tawaye, ta wurin sunan 'yarsa. Bahaushe da sunan uba ya ke sanin mutum, ko da garinsu, ko da sarautarsa. In ka ji an ce wane uban wance ne, to, wancen ta fi shi sanuwa ga masu sauraro. Wace mace ce kuwa za ta fi Sarkin Gaya sanuwa a fadar Kano, in ba uwar sarki ba?

Batun taurari ma haka ya ke. In an ce a jera su, Dadi ne zai zo farko, sai Farin Dutse, sai Sharefa, sai Jan Hazo. Maryama ko dai a manta da ita, ko a sa ta a ƙarshe cikin ƙananan taurari, domin ba ta yi magana ba, ba ta aikata kome ba, sau biyu kaɗai aka ambace ta. Alhali kuwa ita ce 'yar wanda aka kashe, matar wanda ya yi kisan, uwar wanda ya gāji sarauta. Duk nauyin labarin a kanta ya ke. Wannan ya nuna ƙirgen yawan fitowa, wanda yara su ke auna tauraro da shi, ma'auni ne mai ruɗi. Shi kuwa Dadi, ba a siffanta halinsa a wannan wuri da kalma ko ɗaya ba. An dai nuna mana sarkin da abokan gaba suka shiga birninsa, wanda hakiminsa ya hana shi haraji shekara uku bai kai masa yaƙi ba, daga baya ya kira shi da lalama. Wanda ya haɗa waɗannan ya san irin mutumin da ya ke karanta labarinsa.

A kan salo na fi son a daɗe, domin nan ne takardun yaran suka fi rauni. Sun ɗauka salo shi ne karin magana da kirari da kalmomi masu daɗi, watau adon da a ke yaɓa wa magana daga waje. A labarin Farin Dutse ba karin magana ko ɗaya, ga shi kuwa salonsa ya fi na labarai da yawa ƙarfi. A dubi askar nan. Da takobi aka ce, ko mashi, da kisan ya zama na filin daga ko na hukunci. Aska kayan wanzami ce. Ita ce ƙarfe ɗaya da namiji ya ke miƙa wa wuyansa da kansa, ya rufe ido, domin ya amince da hannun da ke riƙe da ita. Marubucin bai ce an ci amana ba, ya dai ambaci aska, kuma ko ita ma bai tsaya a kanta ba, sai ya jingina ta ga masu ruwaya, ya kawo wata ruwayar kusa da ita. Mai karatu ya kan ji kamar abu ne da aka yi a ɓoye, wanda mutanen gari suka yi ta raɗe-raɗinsa, kowa da abin da ya ji.

Kada kuma a ce marubucin mutum ne da ba ya yanke hukunci. A sashen Sharefa ya lissafa hanyoyi bakwai na karɓar dukiyar talakawa da wannan sarki ya ƙago, har da abin da a ke karɓa a Kasuwar Kurmi da wanda a ke karɓa in za a aurar da budurwa, bai kuwa ɓoye ƙyamarsa gare su ba. Mutumin da ya iya tsawata wa sarki a kan kuɗin kasuwa, ya kuma yi shiru a kan kisan suruki, shirunsa abin nazari ne. Ko tsoro ne, ko kunya ce irin ta Bahaushe game da abin da ya shafi cikin gida, ko kuwa ya ga abin ya fi ƙarfin sharhi, wannan fage ne da mai insha'i zai iya tsayawa ya yi gardama.

Jigo na bari a ƙarshe da gangan, ko da ya ke yara da shi su ke farawa. Wani zai ce jigon cin amana ne. Wani zai ce sakayya ce, tun da jinin Farin Dutse ne ya hau gadon Kano. Wani kuma zai tuna mana cewa shi ma Farin Dutse surukinsa ya hana wa haraji a lokacin da Kano ta ke cikin rauni, saboda haka amanar ta ɓangare biyu aka ci. A ganina labarin yana magana ne a kan auren sarauta, wanda a ke ƙullawa don a ɗaure ƙasa da ƙasa, da yadda ɗaurin ya kan fi waɗanda suka ƙulla shi tsawon rai. Amma ban isa ga wannan ba sai da na bi ta kan zubi da taurari da salo. Wanda ya rubuta jigo a layin farko, kafin ya yi wannan tafiya, ƙarshen aiki ya sa a farkonsa, shi ya sa ba ya samun abin faɗa sai nasiha.

Akwai ƙorafi guda da ya cancanci amsa. Za a ce wannan tarihi ne, ba ƙagaggen labari ba, ina ruwan mai nazarin adabi da shi? Ban ce ƙaga shi aka yi ba. Amma wanda ya rubuta sarautar shekara 33 a cikin 'yan layuka ya zaɓi abin da zai sa da abin da zai bari, ya kuma zaɓi inda zai sa kowanne, zaɓen nan kuwa shi ne sana'ar mai gajeren labari. Sai dai tarihi yana ɗora wa mai insha'i wani nauyi da ya kamata ya koya tun yana yaro, watau ya raba abin da littafi ya faɗa da abin da shi ya hango. Littafin bai ce Maryama ɗaya ce ba. Mu muka hango, da hujja mai ƙarfi, kuma wajibi ne mu ce hange ne. Ganuwar Gaya ta fi wannan santsi. Abin sha'awa ne a ce Sharefa ya sa an kewaye garin kakansa don ya biya abin da ubansa ya yi, amma littafin ya ce a zamanin an yi wa Takai da Tsakuwa da Gano da Dawaki ganuwa su ma, kuma a zamanin ne Zamfarawa suka ci Kanawa da yaƙi. Tsoron yaƙi ya isa ya bayyana ganuwar ba tare da an kawo zancen uwa ba. Ɗalibin da ya kawo wannan da kansa, ya rage wa hujjarsa ƙarfi da hannunsa saboda gaskiya, ya fi wanda ya cika shafi uku da yabon marubuci.

In muka koma ga Magana Jari Ce da irin wannan tambaya, za mu ga abin da yaran suka tsallake. Abubakar Imam ya fitar da littafi na farko a 1937, kuma labarun da ke cikinsa ba a zube su ke ba. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla makirci, Musa yana son ya fita da dare, aku kuwa yana ba shi labari don ya riƙe shi har gari ya waye. Ashe kowane labari yana da aiki biyu, abin da ya ke faɗa da kuma daren da ya ke cinyewa. In aku ya gajarta, yaron ya fita ya hallaka. Ko ɗaya daga cikin takardun da na duba ba ta ambaci wanda ke ba da labarin ba, balle wanda a ke ba, balle dalilin bayarwa. Sun ce jigo nasiha ne, alhali mai nasihar dabara ya ke yi wa wanda ya ke yi wa nasihar, don ya tsirar da ransa.

Da na faɗa wa malamin nan haka sai ya ce, “Malam, ai masu jarrabawa kawunan nan huɗu su ke nema. In na bar su, yarana za su faɗi.” Ban musa masa ba, domin shi ke zaune da iyayen yara, ba ni ba. Abin da na roƙe shi shi ne ya koya musu kawunan don jarrabawa, amma ko sau biyu a zango ya hana su rubuta kai ko ɗaya, ya ce kowa ya fara da tambayar da labarin ya tayar masa, ya faɗi amsar da ya ke gani, ya nuna wurin da ya samo ta a cikin labarin, sa'an nan ya kawo abin da mai gardama zai ce. Insha'in da ya fara da cewa, ga misali, abin mamaki ne a san Sarkin Gaya ta wurin 'yarsa, ya riga ya kama hanya, kuma zubi da taurari da salo za su shigo da kansu a inda a ke bukatarsu. Bukatar ma ta ƙaru yanzu. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016, masu rubuta irin wannan labari sun yawaita, amma masu iya faɗin dalilin da ya sa wannan ya fi wancan ba su yawaita kamarsu ba.

Na kuma gargaɗe shi da abu guda. Yaran nan sun tashi suna jin zancen masarautar Gaya, wadda aka ɗaga a 2019, aka rushe a watan Mayu na 2024, aka kuma mayar da ita a mataki na biyu a watan Yuli na 2024, da Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Zancen tsakanin Gaya da Kano ba baƙo ba ne a kunnensu, wannan kuwa zai sa su kama labarin da wuri, zai kuma iya sa su mai da Farin Dutse gwarzo, Dadi azzalumi, tun ba su karanta ba. Aikin malami ne ya mai da su ga shafin, ya ce su nuna masa inda aka faɗi haka.

Bayan wata biyu ya dawo ya ba ni labari. Ya ce ya karanta musu sassan biyu a jere bai yi sharhi ba, aji ya yi tsit, sai wata yarinya 'yar Ajingi ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ran da aka kira babanta, tana cikin gidan?” Wani yaro kuma ya ce shi abin da ya ke son sani shi ne ko an riga an haifi Sharefa a lokacin. Suka duba tare, suka ga littafin bai faɗi shekarar tawayen ba, sarautar Dadi kuwa ta kai shekara 33, saboda haka yana yiwuwa Maryama tana ɗakinta da goyo sa'ad da aka yi abin, yana kuma yiwuwa sai bayan kisan aka kawo ta Kano. Suka ga waɗannan labarai biyu ne dabam, kuma kalmar suruki da ni kaina na yi amfani da ita ta dace da na farkon ne kaɗai. Ya raba ajin biyu, ya ba kowane rabi ɗaya ya kare a rubuce, ya ce zai kawo mini takardun in an dawo hutu.